Fitilar da Ba Ta Ƙuna

Duk wanda ya san Bappa na Durun ya san shi da shanunsa biyu na huɗa, Kyalla da Toka. Ubansa ya rasu ya bar masa garke guda, garken ya yi ta zagwanyewa, ciwo ya ci wasu, hidimar gida ta ci wasu, har aka wayi gari saura saniya ɗaya tilo. Ita ta haifi waɗannan biyun kafin ta mutu. Bappa ya hore su da hannunsa, ya koya musu jan garma, har ta kai ba ya bukatar mai ja masa igiya a gaba. Ya riƙe garma daga baya, ya yi musu magana, su miƙe kunya sambal, su juya a bakin gona da kansu. Mutane kan tsaya a hanya su yi kallo. Shi kuwa sai ya ɗaure fuska kamar bai gan su ba, alhali daɗi kamar ya kashe shi.

A daminar da ta wuce ne bakin garma ya ci karo da saiwar wani tsohon kututture a ƙarƙashin ƙasa, ta fizge masa kafaɗar dama. Bai gaya wa kowa ba. Ya ƙarasa huɗarsa, ya yi noma, ya yi girbi, naman kafaɗar yana ɗaurewa kaɗan kaɗan tun daga wuya har allon baya. Kafin rani ya raba, mutumin nan ko hula ba ya iya ɗorawa a kansa da hannun dama. Matarsa Ummukulsum, wadda kowa yake kira Umma, ita ta koma ɗebo wa shanu ruwa, ita take sauko da harawa daga kan rumfa, ita take dama musu dusa, ga ta da nata ciwon gwiwar.

Ranar wata Asabar babban ɗansu Badaruddeen, malamin makaranta a Gwarzo, ya zo a kan babur ya tarar da uwarsa ta durƙushe a bakin turke da jarka a gabanta, ta kasa miƙewa. Ya ɗaga ta, ya zuba wa shanun ruwan da kansa, sannan ya je ya tsuguna gaban ubansa a zaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, ina neman alfarma in yi magana."

"Ina jin ka."

"Shanun nan sun fi ƙarfin Umma. Ƙanena Hadi yana Legas, ni ina makaranta. Akwai wani mai gashin ƙashi a Gwarzo, zan riƙa kai ka. In Allah ya sa hannun ya warke, shi ke nan, alhamdu lillahi. In kuwa ruwa ya sauka bai iya riƙe garma ba, ka yi haƙuri a rabu da su."

Bappa bai taɓa kiran sunan yaron nan ba tun da aka haife shi, saboda kunyar ɗan fari, kuma ko a ranar bai dube shi ba. Ya san gaskiya aka gaya masa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Na ji," ya ce. "In ruwa ya sauka ban riƙe garma ba, ka kai su kasuwar Getso."

Bappa kuwa in ya faɗi magana ta zauna, ko da ita ce za ta kashe shi.

Mai gashin ƙashin wani saurayi ne, Abdulnasir, ya yi karatunsa a Kano ya dawo ya buɗe ɗan ɗaki kusa da wani kemis. Gado ɗaya ne a ciki, da benci, da wata 'yar na'ura mai kama da tocila da waya a gindinta. Ya sa Bappa ya cire riga, ya bi kafaɗar da yatsu a hankali har ya iske inda naman ya ƙulle, ya danna.

"Baba, nan da zafi?"

"Babu."

Babu fa, in ji shi, ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame takalmi! Abdulnasir ya yi murmushi, da ma ya saba da irinsu. Ya tsayar da shi ya fuskanci bango, ya ce ya hau bangon da yatsunsa iya inda hannun zai kai. Hannun ya tsaya daidai ƙirji. Abdulnasir ya ɗauki alli ya ja layi a wurin.

Daga nan ya ba shi baƙin tabarau ya sa, shi ma ya sa nasa, ya kunna na'urar. Wani jan haske ya fito. Ya ɗora bakinta a kan ƙullin naman, ya ɗan jima, ya matsa gaba, ya ɗan jima. Bappa ya cije haƙora yana jiran wuta ta shige shi. Shiru. Ko ɗumi bai ji ba.

"Ta lalace ne?" ya tambaya.

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Leza ake ce mata, wannan mai sanyi ce, ba ta ƙuna. Hasken ne yake ratsa fata ya taimaka wa naman ya saki, zafin ya ragu. In na gama sai in bi da tausa, su biyun tare suke aiki. Ba zan yi maka alkawari ba, don jiki da jiki ba ɗaya ba ne, amma mutane da dama suna samun sauƙi. Sau biyu a sati za ka riƙa zuwa, har sati shida. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka ɗaga abu mai nauyi."

Ya shafa mai ya yi tausar, ya murza, ya ja hannun a hankali, ya juya shi. Ya kuma aika wa Umma da bayanin yadda za ta riƙa murza wurin da man kaɗanya safe da yamma.

A hanyar komawa, Bappa yana bayan babur, zuciyarsa cike take da raini. Shi a saninsa magani abu ne da ake ji. Wanzami in ya kafa ƙaho, ka ga baƙin jini da idonka. Allura tana da zafi, jiƙo yana da ɗaci. Shi kansa da Kyalla ya yi targaɗe a kafaɗa shekara huɗu da suka wuce, ƙarfe ya sa a wuta har ya yi ja, ya yi masa sakiya layi uku, sa ya yi kwana goma ya koma bakin aiki. Wannan shi ne magani. Amma a haska maka tocila a baya, a shafa ka da mai kamar jariri, a ce ka tafi gida? Haba!

Duk da haka ya ci gaba da zuwa, don ya yi alkawari. Litinin da Alhamis, in an tashi makaranta, Badaruddeen ya zo ya ɗauke shi. Kullum sai an tsayar da shi gaban bango an ja layi, shi kuwa kansa a sunkuye, don a ganinsa wasan yara ne, bai ga dalilin da dattijo zai tsaya yana kallon zanen alli ba. Kullum sai an tambaye shi ko da zafi, ya ce babu. Aka yi zuwa biyar haka.

Umma ce ta fara lura. Wata safiya ta ga ya ɗora hula da hannun dama, bai ma san ya yi ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna halin mijinta, in ka ce masa ya samu sauƙi kamar ka ce masa da can rago ne. Ta haɗiye maganarta, ta yi hamdala a zuci. Wallahi da ta faɗa, da wataƙila labarin nan bai zo inda ya zo ba.

Sai zafin bazara ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Ranar Juma'a a masallaci aka ce an yi ruwa a wajen Ƙaraye har wasu sun fara shuka. Bappa ya dawo gida jikinsa a sanyaye. Ya tsaya a bakin turke, Toka ya miƙo kai yana lasar masa riga, Kyalla yana tuƙa yana kallonsa. Saura sati uku da rabi a lissafin Abdulnasir. Ruwa kuwa ba ya jiran lissafin kowa.

Da safe, Umma ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta, ya janyo garmar daga rumfa. Ya ce bari dai ya gwada, ba huɗa zai yi ba, ɗagawa kawai, kamar yadda ake ɗaga ta in za a juya a bakin gona. Ya kama da hannu biyu ya ɗaga. Wani zafi ya tsarga masa daga wuya har gwiwar hannu, ya saki garmar ta faɗi, shi ma ya zauna daɓas a ƙasa. Ya daɗe a zaune. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne ubansa. A nan ya yanke hukunci cewa fitilar yaron nan ba ta yi komai ba, an ɓata masa sati biyu da rabi a banza.

Bai jira Umma ta dawo ba, ya tari mai babur ya ce a kai shi Gammo, gidan Mijinyawa. Mijinyawa taubashinsa ne, tare suka yi kiwo suna yara, kuma duk yankin in dabba ta gurgunce shi ake kira ya yi mata sakiya. Ya tarar da shi a gindin darbejiya yana tufka igiya.

"A'a! Mutanen birni!" in ji Mijinyawa. "An ce yanzu tabarau kake sawa ana haska ka kamar ɓarawo. Ina tabaran, ko ka baro shi a ofis?"

Bappa bai yi dariya ba. Ya zauna, suka gaisa, sannan ya ce, "Ƙarfenka na zo ka sa mini."

Mijinyawa ya ajiye igiyar. "Kai, Bappa. Na daɗe ban yi wa mutum ba fa. Ɗanka ya sani?"

"Shi ya haife ni?"

"Ba haka nake nufi ba."

"An yi ruwa a Ƙaraye, Mijinyawa. In ya iso Durun ban riƙe garma ba, Getso za a kai su. Ni na faɗa da bakina."

Shi ma Mijinyawa ɗan masu garke ne da ba shi da ko ɗan maraƙi a yau, ya san abin da ake nufi da turke babu dabba. Ya tashi ya shiga gida ya fito da ƙarfen, ya hura gawayi a bayan danga inda mata ba za su gani ba. Bappa ya cire riga ya durƙusa ya dafa turmi. Da ƙarfen ya yi ja, Mijinyawa ya yi bisimilla ya ɗora. Layi uku ya ja masa a kan kafaɗar, daidai inda Abdulnasir yake ɗora fitilarsa. Ƙauri ya tashi. Bappa ko tari bai yi ba, hawaye ne kawai suka zubo masa, kuma in ka tona zuciyarsa a lokacin murna ce a ciki, don yau dai ya ji magani ya shige shi.

Ya koma gida ya ce wa Umma ta bar tausar nan haka, ya gaji da ita. Ranar Litinin ya aika wa Badaruddeen cewa kada ya zo, yana da uzuri. Ya riƙa kwana da riga, yana shafa wa wurin man shanu a ɓoye da hannun hagu, iya inda ya kai. Ga zafin bazara, ga gumi, ga ƙuda. A kwana na biyar Umma ta zo ajiye masa kwanon fura, ta ji wari, ta ga rigar ta manne masa a baya. Ta ɗaga rigar ba tare da ta nemi izini ba, abin da ba ta taɓa yi ba shekara talatin da biyar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, me ka yi wa kanka?"

Ta taɓa shi. Jikinsa zafi zau, hannun ya kumbura har gwiwa.

"Ka fa fara sa hula da hannun nan," ta ce, tana kuka. "Da idona na gani. Wayyo ni, me ya hana ni faɗa?"

Badaruddeen ya zo ya kwashe shi sai asibiti, aka wanke gyambon, aka yi masa allurai, aka naɗe. Da suka fito ya biya da shi wajen Abdulnasir, ko akwai abin da za a iya yi. Abdulnasir ya ɗaga bandejin ya duba, ya mayar, ya zauna a bakin gado yana kallon hannayensa.

"Baba, ba zan iya taɓa wurin nan ba sai ya warke, kuma zai kai wata biyu. In ya warke ma fatar za ta ɗaure, sai mun sake daga farko, ko ƙasa da farko." Sannan ya ce, "Don Allah zo ka ga wani abu."

Ya kai shi gaban bango. Karo na farko ke nan da Bappa ya ɗaga ido ya dubi zanen. Layi biyar ne na alli, kowanne a saman ɗan'uwansa. Na farko daidai ƙirjinsa, na biyar ya wuce kansa da kusan taƙi guda.

"Wannan na saman, ranar Alhamis ɗin ƙarshe ne," in ji Abdulnasir. "Ni a zatona, da ka ci gaba, nan da sati uku da ka iya riƙe garma, in an bi a hankali. Laifina ne da ban kama kanka na nuna maka ba."

Bappa ya ɗora yatsunsa a bangon, ba wanda ya sa shi. Ya yi ƙoƙarin hawa. Hannun ya tsaya a wajen cibiya, ko layin farko bai hango ba. Ya sauke shi, ya ce wa ɗansa su tafi, rana tana yi.

Ruwan bai zo da wuri ba ma, abin takaicin ke nan. Hadari ya yi ta yaudarar mutane har kwana ashirin da takwas bayan sakiyar, sannan ya sauka da la'asar, ruwa mai yawa, har kwari ya cika. Da Bappa ya yi zamansa, da lissafin Abdulnasir ya cika har da ragowar kwanaki. Ya zauna a zaure yana kallon ruwan yana zuba daga indararo, hannunsa a rataye a wuya da tsohon rawani. Washegari tun da hantsi ya ji muryoyin maƙwabta a gonaki suna kora shanunsu. Kyalla da Toka suka yi ta zagaya turke suna jan igiya, sun ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sun san lokacin aiki ya yi.

Badaruddeen ya zo ya tsuguna. Har ya fara cewa, "Baba, ko a nemi wani ya riƙa..." Bappa ya katse shi.

"Ranar kasuwa ka zo da mota."

Ya ce shi ma zai bi su, don ba za su hau mota ba in ba shi ya ce su hau ba. Haka kuwa aka yi. Mutum huɗu suka yi ta ja da turawa, shanu suka kafe. Bappa ya matso ya yi musu magana ƙasa ƙasa, irin wadda yake yi musu a bakin gona, suka hau da kansu ɗaya bayan ɗaya.

A kara ta Getso, wani manomi daga Jama'a mai suna Jibirin ya zo neman shanun huɗa. Bappa ya ɗan ji sanyi a ransa, ko ba komai gona za su koma, kuma tare. Jibirin ya duba haƙoran Toka, ya shafa bayansa, ya gyaɗa kai. Ya juya kan Kyalla, ya ga tabon layi uku a kafaɗa, ya tsaya.

"Baba, wannan an yi masa sakiya?"

"An yi. Shekara huɗu ke nan. Ya warke sarai."

Jibirin ya sa aka ja san ya yi tafiya zuwa can ya dawo, sau biyu, shi yana tsugune yana kallon ƙafafun. Sannan ya miƙe ya sa babban yatsa ya danna ƙarƙashin tabon. Fatar kafaɗar ta yi rawa, Kyalla ya runtse ido, amma bai motsa ba, bai yi kuka ba.

"Ka gani?" in ji Jibirin. "Dubi yadda yake sauke ƙafar nan, ba ya sake mata nauyi. Wannan bai warke ba, Baba, haƙuri kawai yake yi. Ni ɗayan zan ɗauka. Wannan sai dai mahauta."

Bappa ya san wannan tafiyar. Shekara huɗu yana bayan garma yana kallonta, yana cewa takun Kyalla ke nan, haka Allah ya yi shi.

Aka kwance Toka, Jibirin ya ja shi ya yi gabas, yana waiwaye yana kuka. Can wani mahauci ya zo ya kama igiyar Kyalla. San ya tsaya yana kallon mai shi, yana jiran a ce masa ya tafi. Bappa ya yunƙura zai dafa masa kafaɗar nan mai tabo, hannun ya tashi kaɗan ya tsaya, bai kai ba. Sai ya yi masa magana da baki, Kyalla ya juya ya bi mahaucin, yana sauke ƙafar dama a hankali.